NA'URA MAI KOYO DA AIKIN TSARON ƘASA: INA MATSAYIN 'YA'YANMU?

(Jawabin da Kwamitin Ilimi na ƙungiya ya gabatar a babban taron shekara a Kafanchan. Mun buga shi kamar yadda aka karanta, don amfanin 'yan'uwa da ba su sami halarta ba.)



 Bisa al'ada, idan Kwamitin Ilimi ya miƙe tsaye, maganar kuɗin jarrabawa ce ko ta gyaran azuzuwa. Yau kuwa da wata magana dabam muka zo, kuma muna roƙon a yi haƙuri da mu har mu kai ƙarshenta.

Kwanakin baya wani dattijo daga cikinmu ya same mu bayan sallar La'asar, ransa a ɓace. Ya ce ɗansa ya gama digiri a fannin kwamfuta, ya yi bautar ƙasa, maimakon ya nemi aikin banki ko koyarwa, sai ya ce shi ƙarin karatu zai yi a kan koyar da na'ura, don ya yi aiki da masu nazarin bayanan tsaro. Dattijon ya ce mana, "Ni na sayar da citta na biya masa makaranta, ashe ɗan sandan ciki nake reno? Gobe in aka kama wani a unguwa, ai gidana za a nuna." Muka kira yaron muka ji ta bakinsa. Ya ce, "Baba, ko na shiga ko ban shiga ba, aikin nan ana yin sa, kuma a kanmu ake yin sa. Gara a ce akwai wanda ya san mu a wurin."

Mun daɗe muna juya maganganun nan biyu. Uban yana da hujja, ɗan ma yana da hujja. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo zancen gaban jama'a, domin abin ya wuce na gida ɗaya.

MECE CE NA'URA MAI KOYO?

Jama'a, kada sunan ya ba mu tsoro. Duk wanda ya taɓa shiga rumbun citta a nan Kafanchan ko Kachia ko Kwoi ya san yadda ake koya wa sabon yaro tsinta. Ba wanda ke zaunar da shi ya karanta masa dokoki. Ana zube masa kaya ne, a ce wannan mai kyau ce, wannan ta yi fumfuna, wannan ba ta bushe ba. In ya yi kuskure a gyara masa. Bayan ya ga dubbai, sai idonsa ya faɗa, har ya riƙa gane wadda ba a taɓa nuna masa irinta ba.

To haka ake yi wa kwamfuta. Ana ba ta misalai masu ɗimbin yawa, hotuna ko rubutu ko muryoyi, kowanne da alamar abin da yake. Ita kuma ta hanyar lissafi sai ta yi ta gyara ma'auninta har ta iya rarrabewa da kanta. Wannan shi ake kira koyon na'ura, kuma shi ne ginshiƙin abin da gidajen rediyo ke kira ƙirƙirarriyar basira.

Amma fa a lura da abu ɗaya, domin a kansa dukan jawabinmu ya rataya. Yaron da aka koya wa tsinta da busasshiyar citta kaɗai, ranar da aka kawo masa ɗanya zai ce duk ta lalace. Laifin na wanda ya koya masa ne. Na'ura ba ta san komai ba sai abin da aka nuna mata, kuma idan aka koya mata karkatacce, karkatacce za ta yi ta maimaitawa ba gajiya, ba kunya.

ME YA HAƊA TA DA TSARO?

Aikin bayanan sirri a ƙasar nan ba sabo ba ne. Dattawa sun tuna da hukumar NSO, wadda gwamnatin Janar Babangida ta rushe a 1986 ta raba aikinta gida uku: ta cikin gida, watau SSS da muke kira 'yan sandan farin kaya, da NIA mai kula da ƙasashen waje, da DIA ta sojoji. A wancan zamani matsalar jami'i ita ce ƙarancin labari. Sai ya tura mutum kasuwa ko tashar mota ya kasa kunne.

Yau matsalar ta juye. Labari ya yi yawa har ya fi ƙarfin mai karantawa. Kusan kowane baligi yana da waya. Tun Disamba 2020 aka umarci a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Kuɗi na yawo ta waya da na'urar POS. Taurarin ɗan'adam na ɗaukar hoton ƙasa, Nijeriya ma ta harba nata na farko a 2003, ta ƙara biyu a 2011. Jirage marasa matuƙa na shawagi suna ɗaukar hoto na sa'o'i. Ga kuma abin da ake zubawa a Facebook da WhatsApp dare da rana. Ko jami'ai dubu aka tara ba za su iya duba wannan ba. Saboda haka ake neman na'ura ta tace, ta fassara, ta nuna wa jami'i inda ya kamata ya duba: ga sabon sansani a daji da babu shi a hoton watan jiya, ga asusun da kuɗi ke shiga ta hanyar da ba a saba gani ba, ga hoton ƙarya da ya fara yaɗuwa.

Bukatar kuwa ba mai musun ta. Rahoton da Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Jihar Kaduna ta fitar da kanta ya nuna a shekarar 2021 kaɗai an kashe mutum 1,192, an sace 3,348 a jihar nan. Ran 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasa tsakanin Abuja da Kaduna, waɗansu fasinjojin sai a watan Oktoba suka ga gida. A Maris 2023 aka buɗe sabon ginin Cibiyar Yaƙi da Ta'addanci ta Ƙasa a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Duk waɗannan wurare suna bukatar masu ilimin lissafi da kwamfuta, kamar yadda suke bukatar masu riƙe bindiga.

MU MUN SAN FARASHIN JITA-JITA

'Yan'uwa, in akwai mutanen da ba sai an yi musu bayanin haɗarin labarin da ba a tace ba, to mu ne. A watan Maris 1987 rigima ta tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta nan garin. Kafin mako ya zagayo, wutar ta kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, domin labarin da ya isa can ya ninka abin da ya faru sau da yawa. A 1992 Zangon Kataf ta kama a watan Fabrairu kan batun mayar da kasuwa, ta sake kamawa a watan Mayu fiye da na farko. Tsakanin biyun akwai wata uku cur da mai ido ya kamata ya ga hayaƙi. A 1999 muka sake gani a nan. A Afrilun 2011, bayan zaɓe, an rasa rayuka fiye da 800 a jihohin Arewa cikin kwana uku, kuma yankinmu ne ya fi jin jiki. Babbar kasuwarmu ta ƙone, mutane da yawa daga Zonkwa da Matsirga da sauran wurare har yau ba su koma ba. Maƙwabtanmu su ma sun binne nasu, a wancan lokaci da kuma hare-haren da suka biyo baya a ƙauyukansu. Ba wanda ya ci riba.

A da, jita-jita sai ta hau mota kafin ta isa Kaduna. Yanzu cikin ƙiftawar ido ta isa. A 2018 binciken BBC ya nuna yadda hotunan da ba su da alaƙa da abin da ya faru, waɗansu ma daga wata ƙasa aka ɗauko su, suka yaɗu a Facebook lokacin rikicin Jihar Filato, suka ƙara rura wutar ramuwar gayya. Na'urar da aka koya wa aiki da kyau tana iya gano cewa hoton nan tsoho ne kafin ya kai waya dubu goma. Wannan shi ne alherin abin, kuma ba ƙarami ba ne.

Akwai wani abin ban dariya da ke da darasi a ciki. Rundunar Sojan Sama ta ƙera jirage marasa matuƙa a Kaduna, na 2013 ta sa masa suna Gulma, na 2018 ta sa masa Tsaigumi. Sunayen sun dace, domin abin da jirgi ya hango daga sama bai wuce gulma ba har sai an sami mai hankali ya tantance shi. Aikin mai nazari ke nan: ya raba gulma da gaskiya kafin a ɗauki mataki.

INDA GIZO KE SAƘAR

Yanzu bari mu zo ga tsoron dattijon nan, domin tsoro ne mai tushe.

Mu yi ɗan lissafi tare, misali ne kawai. A ce gari yana da mutum 100,000, a cikinsu akwai miyagu 10. A ce an kawo na'urar da ke yin daidai sau 99 cikin 100, wadda kowa zai ce ai ta ƙware. To kuskure ɗaya cikin ɗari na mutum 100,000 nawa ke nan? Kimanin mutum 1,000. Watau za ta nuna mutum wajen 1,010, goma ne kawai masu laifi, dubu kuwa bayin Allah ne da ba su ci ba, ba su sha ba. Jami'in da bai san wannan lissafi ba zai ce na'ura ta faɗa, a kamo su. Wanda ya sani zai ce na'ura ta ba mu inda za mu fara bincike, ba ta yanke hukunci ba. Tsakanin jami'an nan biyu akwai rayuwar mutum dubu.

Sa'an nan kuskuren ba ya faɗawa kan kowa daidai wa daida. A 2018 wasu masu bincike biyu a Amurka, Joy Buolamwini da Timnit Gebru, suka gwada na'urorin duba fuska na manyan kamfanoni. Wajen gane namiji ne ko mace, kuskuren a kan fararen maza bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma a kan baƙaƙen mata ya kai kusan kashi 35. Dalili? Hotunan da aka koyar da su galibi na fararen fata ne. Kuma a lura, su biyun da suka tono wannan 'yan asalin Afirka ne, ɗaya Ghana, ɗaya Habasha. Wanda takalmi ke matsa wa shi ya san inda yake ciwo.

Sai maganar harshe, wadda ta fi shafar mu kai tsaye. A 2017 'yan sandan Isra'ila sun kama wani Bafalasɗine ma'aikacin gini saboda ya rubuta gaisuwar safiya da Larabci a Facebook, na'ura ta fassara ta da cewa a kai musu hari. Sai bayan an yi masa tambayoyi aka gane kuskuren aka sake shi. To ku dubi Hausa. Mukan kashe wuta, mu kashe kuɗi, mu kashe aure, aboki ya kashe mu da dariya. Yaro mai son ƙwallo zai rubuta, "Gobe sai mun cinye 'yan unguwar can, ba za mu bar ko ɗaya ba." Mai gini zai ce, "A kawo kayan aiki da daddare." Yawancinmu ba ma sa ƙugiya a rubutun waya, sai "kasa" ta zama ƙasar haihuwa, ko gazawa, ko macijiya, ko kashin tumatir a kasuwa. Bugu da ƙari, Hausar Kafanchan ba ita ce ta Kano ko ta jarida ba. Tamu ta cuɗanya da Turanci da Burokan, kuma ita ce harshen kasuwa da na coci ga dubban maƙwabtanmu, kowa da irin karinsa. Balle a zo ga Jju da Tyap da Hyam da Fantswam da Ninzo da Fulatanci, waɗanda rubutunsu a intanet kaɗan ne ƙwarai. Na'urar da ba ta jin waɗannan za ta zargi mai wasa, ta kuma wuce mai shirya ɓarna ba ta gan shi ba.

Haka abin yake ga hoto daga sama. Taron mutane da dare a bayan gari yana iya zama Maulidi, ko addu'ar kwana ta coci, ko zaman makoki, ko biki. Ayarin babura yana iya zama rakiyar amarya. Garken da ya taso daga Ladduga yana bin burtali ba ɗaya yake da shanun sata da ake korawa ba. Wanda ya tashi a nan yana iya rarrabewa. Wanda bai taɓa taka ƙasar ba, dige-dige kawai yake gani a allo.

Ba mu manta da Tudun Biri a Ƙaramar Hukumar Igabi ba. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam kan masu taron Maulidi, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa kuskure ne, an ɗauke su 'yan bindiga, kuma Babban Hafsanta na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin ya ba da haƙuri. Mu faɗi gaskiya, a can mutane ne suka duba suka ba da umarni. Amma darasin ɗaya ne: ganin abu daga sama dabam, sanin ma'anarsa dabam. Idan mutum mai rai ya yi irin wannan kuskure, ina ga na'urar da ba a taɓa nuna mata yadda Maulidin ƙauye yake ba?

Saboda haka amsar da kwamitinmu ya cimma ita ce: yaron nan ya fi kusa da gaskiya. Ƙauracewa ba za ta hana a yi aikin ba. Abin da za ta jawo shi ne a koya wa na'ura labarinmu daga bakin waɗanda ba su san mu ba.

HANYAR SHIGA

Matasa, ga abin da ake bukata, kuma ba za mu ɓoye muku ba, hanya ce mai tsawo.

Na farko lissafi. Duk wanda ke gudun lissafi a sakandare ya rufe wa kansa wannan ƙofa. Ilimin ƙididdiga da aljabara su ne ƙashin bayan aikin. Na biyu Turanci, domin da shi aka rubuta littattafan fannin. Na uku harshen ba kwamfuta umarni, wanda aka fi amfani da shi shi ne Python, kuma ana koyon sa kyauta in akwai intanet.

Daga nan sai digiri a kwamfuta ko lissafi ko ƙididdiga ko injiniya. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga Bayero a Kano, ga Jami'ar Jihar Kaduna mai reshe a nan garin. Mai son kaki ga Kwalejin Horas da Hafsoshi ta NDA da Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama, duk a Kaduna. Amma mai son zama mai bincike na haƙiƙa, watau wanda ke ƙera sabuwar hanya ba mai danna abin da wani ya ƙera ba, sai ya ƙara da digiri na biyu, sau da yawa har na uku. Tun 2018 cibiyar lissafi ta AIMS ta buɗe digiri na biyu a wannan fanni a Kigali ta ƙasar Ruwanda don ɗaliban Afirka. A Abuja kuma hukumar NITDA ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira ta ƙasa a 2020.

Kada wani ya ce abin na Turawa ne ko na 'yan Legas. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane harshe, Hausa da Ibo da Yarbanci da Burokan, waɗanda mutane suka zauna suka yi wa alama ɗaya bayan ɗaya don na'ura ta koyi gane yabo da suka. Akwai ƙungiyar HausaNLP, akwai Masakhane mai haɗa masu binciken harsunan Afirka. Ƙofofinsu a buɗe suke ga mai himma. A nan gida ma, Gidauniyar Fantsuam da aka kafa a 1996 ta koya wa matasa kwamfuta a Bayan Loko tun lokacin da yawancin garuruwa irin namu ba su san intanet ba. Ashe ƙasar ba baƙuwar abin ba ce.

Wuraren aiki kuwa ba hukumomin leƙen asiri kaɗai ba ne. Akwai masu bin sawun kuɗi a EFCC da hukumar NFIU. Akwai masu nazarin hotunan tauraron ɗan'adam a hukumar sararin samaniya. Akwai masu aikin gargaɗin farko kafin rikici ya ɓarke, irin na ECOWAS da na Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna da aka kafa a 2017. Akwai jami'o'i. Kuma ilimin ɗaya ne da wanda ake gano cutar amfanin gona da shi. Duk wanda ya ga yadda annobar 2023 ta cinye gonakin citta a yankin nan ya san wannan ma tsaro ne.

'Yan mata, wannan magana har da ku. Aikin zama ne da tunani, ba ya bukatar ƙarfin damtse. Iyaye, kada a ce lissafi na maza ne.

Sai gargaɗi uku. Na ɗaya, ba a sayen gurbin aiki a waɗannan hukumomi. Su da kansu sun sha fitar da sanarwa kan 'yan damfara masu karɓar kuɗi da sunan ɗaukar ma'aikata. Na biyu, kafin a ɗauke ka sai an binciki tarihinka, kuma abin da ka rubuta a Facebook cikin fushi shekara biyar da suka wuce yana nan bai goge ba. Na uku, aiki ne na rufin baki. Ba za ka ba abokai labari a majalisa ba, wani binciken ma ba za ka buga shi da sunanka ba, kuma mai yiwuwa abokin karatunka da ya tafi kamfani ya fi ka albashi. Wanda ke son a san shi, ya nemi wata sana'a.

Akwai kuma batun takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema a kusan kowane aikin gwamnatin tarayya. Mun san wahalar da waɗansu 'ya'yanmu ke sha a kanta, alhali nan aka haifi iyayensu da kakanninsu. Shawararmu ita ce a fara nema da wuri, ta hanyar da doka ta tanada, kuma kada a kuskura a yi ta jabu. A wannan aiki ƙarya ɗaya a takarda ta isa ta rushe komai.

AMANA

Yanzu ga magana mafi nauyi, kuma muna so matasa su buɗe kunne. Ba muna tura ku ne ku zama idon Hausawa a cikin hukuma ba. Duk wanda ya shiga da niyyar kare nasa ya danne na wani, ya ci amanar ƙasa, kuma ya tabbatar da zargin da ake yi mana. Ranar da na'ura ta nuna ɗan Bajju ko ɗan Kagoro ko Bafulatani bisa kuskure, wajibinka ne ka tashi ka ce ba haka ba ne, kamar yadda za ka yi in ɗan unguwarku ne. Ranar da kuma shaida ta tabbata a kan ɗan unguwarku, ba ka da ikon ɓoyewa. In ba za ka iya wannan ba, don Allah ka zauna a gida.

Kuma ka sani akwai doka a kanka. Sashe na 37 na Tsarin Mulki ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A 2023 aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a. Ilimin da ake kama ɓarayin mutane da shi, da shi ake iya bibiyar ɗan jarida ko ɗan adawa. Mai bincike na ƙwarai yana da inda zai ce a'a. A 2018 ma'aikatan Google fiye da 3,000 suka sa hannu kan takardar ƙin amincewa da aikin da kamfanin ke yi wa Ma'aikatar Tsaron Amurka na koya wa na'ura duba hotunan jirage marasa matuƙa, har kamfanin ya ce ba zai sabunta kwangilar ba. Ko mutum ya yarda da su ko bai yarda ba, ya ga cewa masu wannan ilimi ba bayin na'ura ba ne.

ABIN DA MUKE ROƘON TARO

Don kada mu tashi da surutu kawai, kwamiti na gabatar da shawarwari huɗu.

Na ɗaya, a ware kaso daga asusun tallafin karatu don ɗaliban lissafi da kwamfuta, maza da mata.

Na biyu, malamanmu da ɗalibanmu na jami'a su ɗauki nauyin darasin lissafi na yamma kyauta ga 'yan sakandare, ko sau biyu ne a mako.

Na uku, a samar da ɗaki ɗaya mai wutar sola da kwamfutoci ko da biyar ne. Masu hali a cikinmu, ga inda sadaka mai gudana take.

Na huɗu, kuma shi ya fi muhimmanci a wurinmu, ɗakin nan ya zama a buɗe ga 'ya'yan maƙwabtanmu, mu kuma nemi ƙungiyoyinsu mu yi aikin tare. A Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a nan Kafanchan. Takarda ba ta aiki da kanta. Idan yaronmu da yaron Fantswam suka zauna a benci ɗaya suna koya wa na'ura bambancin wasa da barazana a harsunanmu, sun yi wa yarjejeniyar nan hidimar da taro goma bai yi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Jama'a, garin nan mahaɗar jirgin ƙasa ne tun 1927. Da yawa cikin iyayenmu sun yi aikin reluwe, sun san cewa komai ƙarfin kan jirgi, mutumin da ke juya layi a mahaɗa shi ke sa ya nufi Jos ko Kaduna ko Fatakwal, kuma in ya yi sakaci jirage biyu su yi karo. Na'urorin nan sun riga sun taso. Abin da ya rage shi ne wa zai tsaya a mahaɗa.

Dattijon da muka ba ku labarinsa yana cikin zauren nan. Bai ce mana ya gamsu ɗari bisa ɗari ba, amma ya ce zai sa wa yaron albarka bisa sharaɗi ɗaya: kada a zalunci kowa ta hannunsa. Mu ma sharaɗinmu ke nan ga duk wanda zai bi wannan hanya.

Abin da muka faɗa daidai, Allah Ya amfane mu da shi. Inda muka yi kuskure, a gafarce mu. Allah Ya zaunar da garinmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.